Agogon RPM a tsohuwar Hilux: koriyar wayar nan ita ce aikin

Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu da nema. Na karanta tambayarka sau biyu don kar in ba ka amsar da ba taka ba. Ka ce kana da Hilux tsohuwar yayi mai injin 22R, da ita kake kwasar albasa da tumatir daga kasuwar Mile 12 ta Legas kana kai wa masu sari, motar ba ta zo da agogon RPM, mai nuna juyin inji a minti ɗaya, ba sai maleji da na mai da na zafin inji, ka shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo ka sayo agogon, da ka buɗe kwali ka tarar da waya huɗu, ja da baƙa da fara da koriya, takardar ciki kuma zane ɗaya ne kawai ba bayani. Sannan ka ce yayanka ma yana so a sa masa amma tashi mai shan gas ce, wato dizal, ko hanya ɗaya ce. Toh ba hanya ɗaya ba ce, zan zo kan tashi, bari mu fara da taka tunda ita ce mai sauƙin.

Ni wayarin ɗin mota shi ne sana'ata, a Agege na koya kuma a nan nake har yau, kuma abin da nake fara gaya wa yaran da ke ƙarƙashina shi ne cikin wayoyin nan huɗu guda uku ba su da wata matsala, wuta ce da bodi da fitila, ko rediyo za ka sa haka za ka yi. Koriyar ita ce aikin. Ita ke ɗauko wa agogon labarin inji, in ka san inda za ka ɗauko ta ka gama, in ba ka sani ba kar ka yanka ko waya ɗaya a motar tukuna.

Ka fahimci abin da agogon yake yi, sauran duk za su zo maka da sauƙi. Shi bai san inji yana juyawa ba, bai ga karanshaf ba, ƙirga kawai yake yi. Duk lokacin da kwayil zai ba fulogi wuta sai an katse masa hanyarsa ta zuwa bodi, a tsofaffin motoci kontak ne yake katsewa a cikin distiributa, a irin taka kuma iginaita ne, ɗan akwatin nan da ke manne da kwayil. Wannan katsewar ita agogon ke ƙirgawa. Inji mai fulogi huɗu yana bada wuta sau 2 a kowane juyi ɗaya, mai shida sau 3, mai takwas sau 4. Kenan in motarka tana silo a 800, wato inji na aiki ba ka taka totur ba, kwayil yana bugawa sau 1,600 a minti ɗaya, agogon ya raba biyu ya nuna maka 800. Shi ke nan sirrin, babu wani abu bayan wannan.

Shi ya sa tun kafin ka ɗauko sufana ka juya bayan agogon ka duba, za ka ga ɗan makunni an rubuta 4 da 6 da 8, wani a waje yake wani sai ka kwance murfin baya, wasu kuma ba makunni sai wasu 'yan wayoyi biyu da aka lanƙwasa ake yanke wa gwargwadon injin. Ka tura shi kan 4. Da yawansu a kan 8 suke fitowa daga kamfani saboda kasuwar Amurka aka yi wa su inda manyan injina suka yi yawa, in ka bar shi a haka zai riƙa nuna maka rabin gaskiya, inji na 800 shi yana cewa 400, in a kan 6 ne kuma ya ce maka wajen 530. Wallahi mutane nawa ne suka dawo min da agogo wai jabu aka sayar musu, in duba in ga makunnin nan ne kawai, in tura da farce magana ta ƙare. Ka saita shi tun yana hannunka, don in ka riga ka ɗaure shi a dasbod kwancewa wani aikin ne.

Yanzu cire kan batir na negatif kafin komai. Kar ka ce ai makulli a kashe yake, akwai wayoyin da ke da wuta ko makulli na aljihunka.

Baƙar waya bodi za ta je, mu muna cewa at. A nan ina so ka buɗe kunne sosai don akwai tarkon da Toyota ke kama mutane da shi. Baƙar wayar agogo ba ita ce baƙar wayar mota ba. A wayarin ɗin Toyota wayar bodi fara ce mai baƙin layi, su kuwa baƙaƙen nan masu layin ɗorawa ko ja sau da yawa wutar makulli ce suke ɗauke da ita, in ka ce baƙi da baƙi ai 'yan gida ɗaya ne ka haɗa su, toh ka jawo wa kanka aiki. Mafi kyau ma ka rabu da wayoyin motar gaba ɗaya, ka nemi noti mai kyau da ke ɗaure a ƙarfen mota a ƙarƙashin dasbod, ka kankare fenti da tsatsa har sai ƙarfen ya yi ƙyalli, ka sa wa wayar zobe ka ɗaure tam, ka ɗan shafa giris a kai. Kar ka raina wannan giris ɗin. Legas ba Kano ba ce, iskar nan ta bakin ruwa da damina mai tsawo suna cin ƙarfe kamar gara, haɗin da ka yi yau lafiya lau bayan wata shida sai ka ga ya yi kore, allura ta fara rawa kai kuma kana zargin agogo. In za ka iya jan wayar har jikin inji ko kan batir ɗin ma ya fi.

Jar waya wuta take so, amma wutar da ke zuwa in an murɗa makulli ta ɗauke in an kashe. Kar ka kai ta kan batir kai tsaye, agogon zai kwana a kunne yana tsotsar batir a hankali, mota ta yi kwana uku a ajiye ka zo da asuba za ka kasuwa ta ƙi tashi. Ka mayar da kan batir na ɗan lokaci, ka ɗauki fitilar gwaji ka je akwatin fiyus, ka nemi wanda fitilar ke kamawa in makulli yana ON ta mutu in ka kashe. Akwai bambanci tsakanin ON da ACC, na ACC irin na rediyo da wurin kunna sigari yana ɗaukewa lokacin da kake yin kik, ni na fi son na ON saboda ina so in ga allura tana motsi tun kik na juya inji, wannan ɗan motsin yana da amfani ranar da mota ta ƙi tashi, in allura ta ɗan ɗaga ka san kwayil na samun umarni, matsalar ka neme ta wajen mai, in ko ta kwanta shiru ka nufi iginaita da distiributa. Ka ga agogon ya zama maka kayan aiki ba ado kaɗai ba. Sannan ka sa wa jar wayar nata fiyus ɗin ƙarami, amp 1 zuwa 3 ya isa, kusa da inda ka ɗauko wutar. Wasu masu wayarin don sauri sai su ɗauki wutar daga gefen fositif na kwayil tunda ga shi kusa da inda koriyar za ta je, ni ba na yi, don a motoci masu kontak akwai abin rage wuta kafin kwayil, ba cikakkiyar 12 ke isa wurin ba, kuma ko babu shi wutar wurin tana da hayaniya.

Farar kuwa ta fitilar cikin agogon ce, ka haɗa ta da wayar da ke kamawa in ka kunna fitilar fakin, ta bayan rediyo ko ta fitilar dasbod, ka tabbatar da fitilar gwaji ba da launi ba. Wasu agogunan na China maimakon fara za ka ga ɗorawa ko ruwan lemo, shi ya sa ko zane ɗaya ne a takardar ka dube shi da kyau.

Toh mu zo kan koriya. Buɗe bonet ka nemi kwayil, ban da babbar wayar tsakiya mai zuwa distiributa akwai ƙananan kai guda biyu, ɗaya da alamar + ɗaya da alamar −, koriyar kan − za ta hau. In alamar ta goge saboda tsufa da ƙura akwai hanyoyin ganewa. Kwayil ɗin Bosch da masu bin lambar Jamus suna rubuta 15 a gefen wuta, 1 a gefen da kake nema. Wanda ke da fijo 504 a-kori-kura mai kwayil ɗin Faransa zai ga BAT da RUP, RUP ɗin shi ne naka. In babu ko ɗaya ka maƙala fitilar gwaji a bodi ka sa wani ya yi maka kik, gefen da fitilar ta tsaya cak wutar makulli ce, gefen da take ƙifta ido kamar ana kunna ta ana kashewa shi ne negatif. Ka riƙe robar fitilar kar yatsanka ya taɓa ƙarfen, wurin nan ƙarami ne a ido amma duk bugu ɗaya yana tashi sama da volt 200, ba zai kashe ka ba amma za ka ji shi har gwiwar hannu.

Kafin ka kwance notin kwayil ma duba ko Toyota ta riga ta yi maka tanadi. A yawancin waɗanda suka fito ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 akwai wani ɗan akwati a ɗakin inji an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa, in ka ɗaga murfin akwai taswirar ramukan a cikinsa, ka nemi wanda aka rubuta IG da alamar −, an yi shi ne musamman don bakanike ya jona agogon gwaji lokacin saita silo da tayimin. Waɗanda suka girme su kuma wani lokaci za ka ga ɗan soket shi kaɗai kusa da iginaita an toshe shi da roba. Sigina ɗaya ce da ta kwayil. Ni nakan fara gwada agogon a can in ga ya karanta daidai, daga baya in yi haɗin dindindin.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi komai nauyi a duk bayanin nan, kuma littafin gyaran Toyota ɗin kansa ya faɗe shi: wayar nan kada ta taɓa bodi. In ta taɓa, kwayil ya rasa mai katse shi, inji ya mutu nan take, in aka bar makulli a kunne kuma kwayil ya yi ta ɗaukar zafi, shi ko iginaita ɗaya ya tafi ko su tafi tare. Na ga wannan da idona ba labari aka ba ni ba. Wani bawan Allah mai kai ruwan leda, irin motarka sak, wani ya sa masa agogo ya bi da koriyar ta wani rami a bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ramin ba roba, bakinsa kamar wuƙa. Wata biyu mota na tafiya lafiya, ashe gargadar hanya tana ta goga wayar a hankali. Ranar da ta ƙarasa cinye robar yana tsakiyar gadar Third Mainland da cikakken lodi, inji ya ɗauke ɗif, wurin da ba gefen tsayawa na kirki ga motoci na wucewa kamar iska. Da aka jawo min ita da yamma kwayil ɗin har ya kumbura ya tsiyayo da mai, na bi koriyar da yatsa daga kwayil zuwa bango sai na ji wurin ya yi kaushi, na jawo ta na ga jan ƙarfen a waje bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, gefen ramin kuma ga ɗan baƙin tabo inda wuta ta riƙa tartsatsi. Abin da ya ja masa kuɗin janwe da kwayil da iginaita da asarar yini guda kenan. Mutumin ya zauna a benci na ya yi shiru ya fi minti goma, tun ranar ban ƙara barin yaro ya ratsa waya ta bangon nan ba sai na gani da kaina.

Don haka ka bi da ita ta robar da sauran wayoyin motar suke bi, ka ɗan huda gefen robar ka zura, in dole sai ka huda sabon rami toh ka sa masa robarsa, ka kuma saka wayar cikin bututun roba. A ɗakin inji ka nisanta ta da wayoyin fulogi, ka nisanta ta da bakin salansa inda zafi yake, ka nisanta ta da fanka da fambel, ka ɗaɗɗaure ta duk bayan taƙi ɗaya kar ta riƙa lilo. A cikin mota ka duba kar ta ratsa kusa da sandar sitiyari ko totur da birki da kuloci. Wayar da za ka ƙara tsawo da ita ta zama ta mota mai silli-silli, kauri kamar sukwaya milimita 0.75 zuwa 1, ba wayar gida mai ƙarfe ɗaya ba, wannan jijjiga na karya ta daga ciki robar na nan lafiya kai ba ka sani ba. Haɗin kuma a yi shi da dalma ko a matse da kan waya na kirki. Murɗawa da hannu a naɗe da baƙin tef shi ne abin da ya fi kawo min motoci, zafin rana ya narkar da gam ɗin tef ya saki, ruwa ya shiga.

In ka gama ka mayar da kan batir ka tada. Inji ya yi zafi, silon 22R ya kamata ka gan shi wajen 700 zuwa 850. In kana da mita mai auna Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa ɗaya, za ka iya tabbatarwa, lambar da ta ba ka a kan siginar ka ninka ta sau 30 in mai fulogi huɗu ne, sau 20 in mai shida ne, misali 27 ya ba ka kusan 800, 100 ya ba ka 3,000, sai dai wasu ƙananan mitoci hayaniyar kwayil na ruɗa su su yi ta tsalle-tsalle. In mota ta ƙi tashi bayan ka haɗa, kar ka yi ta kik, kashe makulli ka cire koriyar daga kwayil ka sake gwadawa, in ta tashi toh ko wayar na taɓa bodi a wani wuri ko agogon ne ya lalace daga ciki. In allura ba ta motsa ba amma fitila na kamawa, wataƙila gefen + ka hau. In tana rawa tana zabura, fara da at, sannan hanyar da wayar ta bi, sannan wayoyin fulogi da suka tsufa suna zubar da wuta, a mai kontak kuma ka duba kontak ɗin da kwandansa. In duk waɗannan lafiya amma ba ta daina ba, ana sa ɗan resisto mai 10k a kan koriyar kusa da agogo, sau da yawa yana kwantar da ita, wurin masu gyaran rediyo za ka samu.

Toh sai motar yayanka. Ka gaya masa kar ya sayi irin naka, zai yi asarar kuɗinsa. Injin gas irin su 2L da 3L da 5L ba shi da kwayil ba shi da fulogin wuta, matsi ne ke kunna man, don haka abin da agogonka ke ƙirgawa babu shi a can kwata-kwata. Hanyar da aka fi bi ita ce ta altaneta. A cikin altaneta wutar da ake fara samarwa mai kai da komo ce kafin dayod su miƙar da ita ta tafi batir, kuma saurin kai da komon yana bin saurin juyin inji. Wasu altanetocin suna da kai na musamman a baya an rubuta W, wasu P, nan ake ɗauka. In babu sai an buɗe altanetar an liƙa waya da dalma a ɗaya daga cikin ƙafafun naɗin kafin dayod a fito da ita waje, aikin mai wayarin ne wannan ba na gwaji a gida ba, musamman a waɗannan injinan da famfon iskar birki yake manne a bayan altanetar da bututun baƙin mai a jikinsa, in aka mayar ba daidai ba sai a samu yoyon mai ko birki ya yi tauri.

Kuma agogon dole ya zama wanda aka yi don W, ga dalili. Altaneta da yawa suna bada bugu 6 a juyinsu ɗaya, kuma fulinsu ya fi na inji ƙanƙanta don haka sun fi shi gudu, mu ɗauka ninki biyu. Inji na 800, altaneta na 1,600, sau 6 ya zama 9,600 a minti. Agogon fetur da ke jiran 1,600 ka ba shi 9,600 me kake tsammani, ko ya haura ƙarshe ko ya ƙi karantawa ma saboda siginar ba ta da ƙarfin ta kwayil. Na gas yana da ɗan sukuru a baya da ake juyawa a daidaita shi, tunda girman fuli ya bambanta daga mota zuwa mota, ana manna ɗan farin tef mai ƙyalli a fulin karanshaf a haska shi da agogon hannu mai leza, abin da ya nuna sai a juya sukurun har su yi daidai, a gwada a silo a sake gwadawa wajen 2,000. Wanda ya sa maka na gas bai yi wannan ba, ado ya sa maka. Yayanka kuma ya san halin agogon nan guda biyu: da safe in ya tada allura na iya kwanciya har sai ya ɗan taka totur altaneta ta fara caji, wannan ba lalacewa ba ce, sannan in fambel ya saki yana zamewa agogon zai nuna ƙasa da gaskiya, in ya ga allura ta faɗi sifili yana cikin tafiya inji kuma na aiki ya tsaya ya duba fambel tun kafin zafi ya hau. Kafin a buɗe altaneta ma a leƙa jikin injekta fam, waɗanda suka zo da agogo daga kamfani suna da ɗan sensa a jikin fam ɗin, tunda injinan nan yawancinsu tokumbo ne da aka sauya yana iya yiwuwa nashi na da shi ba a jona ba, sai dai siginarsa ƙarama ce, agogon Toyota na asali ko wanda aka yi don irin sensan ne ke jin ta. Ya nemi mai fuska 0 zuwa 5,000 ko 6,000, don injin 3L ƙarfinsa na ja yana wajen 2,400 ne, a 4,000 ya kai maƙura, in ya sa mai 8,000 rabin fuskar zaman banza za ta yi.

Ga masu sababbin Hilux da za su karanta wannan, irin mai 2TR da kowane fulogi ke da kwayil ɗinsa a kai, kar ku bi bayanin da na yi wa ɗan uwan nan. Kwayil ɗaya a can sau ɗaya yake bugawa a juyi biyu, in ka ɗauka a jikinsa agogo zai nuna kashi ɗaya cikin huɗu, masu kwayil biyu irin wasu 3RZ kuma ya nuna rabi, ga haɗarin taɓa wayar birenbos, wato kwamfutar inji, da fitilar gwaji mai ƙwai wadda ke jan wutar da ta fi ƙarfinsa. A Toyota da yawa rami na 9 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar binciken mota, da ke ƙasan sitiyari siginar RPM ce, mita za ta nuna maka ko naka na da waya a wurin, in babu akwai ƙaramin akwatin da ke juya siginar, ko mafi sauƙi a sayi agogon da ake sokawa a OBD ɗin kai tsaye ba yankan waya, sai dai rami na 16 kullum da wuta yake, a zaɓi mai kashe kansa. Duk wayar da kuka gani cikin ɗorawar riga ko ɗorawan soket ta jakar iska ce, ba ruwanku da ita.

Mu dawo kanka. Wurin ɗaurawa ka zaɓi inda ido zai kai ba tare da ka sauke kai daga titi ba, gefen ginshiƙin gilashi na hagu ko saman dasbod dab da maleji, da sukuru za ka ɗaure ba gam ba, ranar Legas in ta daki dasbod gam saki yake, kuma kafin ka huda ka zura hannu ta ƙasa ka ji ko akwai waya ko bututu. Ba na son manyan nan masu faɗin faranti a a-kori-kurar aiki, suna tare gefen gilashi daidai inda ɗan acaba ko mai keke Marwa zai ɓullo maka, mai 52 ko 80 milimita ya wadatar.

Kuma na ji daɗi da ka yi tunanin sa shi, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 duk direban da ke biyan fetur daga aljihunsa ya san zafin kowace lita. Kai da kake wuni a cunkoson Ketu da Ojota inji na aiki mota ba ta tafiya, in kafiretarka na silo a 1,200 maimakon 800 kunne zai iya sabawa da ƙarar har ka ɗauka daidai ne, allura ba ta sabawa. Da lodi kuma ka lura da ita a hawan gada, 22R ya fi jin daɗin ja a wajen 2,800 zuwa 3,400, in ka ga ta sauka ƙasa da 1,500 kana danne totur inji na kakari ka sauke giya, wannan kakarin shi ke cin metal, wato beyarin ɗin karanshaf, a hankali. In kuma wata rana ka taka a giya ta huɗu ka ga allurar RPM ta yi sama maleji na nan inda yake, kulocinka ne ya fara zamewa, ka nemi faranti tun bai ajiye ka a hanya ba.

Ranar da za ka yi aikin ka ware masa awa biyu da rana tsaka ba da magariba da fitilar waya ba, ka fara jona komai a sake a kan kujera ka tada mota ka ga ya karanta daidai, sannan ka bi da wayoyin ka ɗaure. In ka tada ka ga lambar ba ta kwanta maka ba, ka faɗa min nawa ta nuna a silo da kuma abin da aka rubuta a jikin kwayil ɗinka, daga nan zan gane inda matsalar take in sha Allah. A gaida yaya.